Taron Masu Neman Rabuwa da Giya: Yadda Yake da Inda Ake Samunsa

Taron masu neman rabuwa da giya ba ya buƙatar kaya da yawa. Ɗaki ne da kujeru da aka jera a zagaye, wani lokaci da butar shayi a gefe. Mutum goma ko ashirin kan hallara sau ɗaya ko biyu a mako, su zauna kamar awa guda. Babu likita a kan gaba, babu mai wa'azi, babu rajistar sunaye. Wanda zai jagoranci zaman shi ma tsohon mashayi ne, kuma mako mai zuwa wani ne zai karɓe shi.

Kowa kan faɗi sunansa na farko kawai, ya amsa da bakinsa cewa giya ta fi ƙarfinsa, sannan ya ba da labarin yadda makonsa ya wuce. Wani ya shekara goma bai kurɓa ba, wani jiya-jiya ya koma ruwa. Ba a katse mai magana, ba a yi masa faɗa. Wanda bai shirya buɗe baki ba yana iya yin shiru har a tashi. Abin da aka ji a ɗakin, a ɗakin ake barinsa.

Irin wannan zama ya bazu a yawancin ƙasashen duniya, amma a ƙasar Hausa mutane ƙalilan ne suka san da shi, ko da yake masu buƙatarsa suna nan a cikin gidaje da ofisoshi da tashoshin mota.

Girman matsalar

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2024 ya nuna cewa giya na da hannu a mutuwar mutum kusan miliyan 2.6 a shekara, kuma kimanin mutum miliyan 400 ne ke fama da matsalar sha, fiye da rabinsu sun kai matsayin da jikinsu ba ya iya zama sai da ita. Hanta da zuciya da ƙwaƙwalwa ne ke fara ɗanɗana kuɗarsu, sai hatsarin mota, da dukan mata, da kuɗin cefane da ke ƙarewa a mashaya.

A arewacin Najeriya lamarin yana da fuska biyu. A sassan Filato da kudancin Kaduna da Taraba da Adamawa, burkutu da fito tsofaffin abubuwan sha ne da ake dafawa a fili, ana sha a kasuwa da wurin biki. A jihohin da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci tun daga Zamfara a 1999 kuwa, an hana sayarwa da sha, har Hisbah a Kano takan fasa dubban kwalabe a bainar jama'a. Hanin ya rage shan fili, sai dai bai kawar da shan ɓoye ba. Mai nema yana samu a Sabon Gari, ko a barikin soja, ko a otal, ko a 'yan ƙananan ledoji masu arha da ake sakawa a aljihu, waɗanda hukumar NAFDAC ta sanar da haramta su a farkon 2024 aka yi ta ja-in-ja a kai.

Wanda ya kamu a irin wannan wuri yana ɗauke da kaya biyu, ga ciwon ga kuma tsoron tonon asiri. Ba ya iya gaya wa matarsa, ba ya iya gaya wa limamin unguwa, abokan da suka san halinsa kuwa su ne abokan shan. Da yawa sai hanta ta kumbura ko an kore su daga aiki kafin wani ya ji labari.

Asalin tarukan

Ƙungiyar da ta fi shahara a wannan fage ita ce Alcoholics Anonymous, wadda ake taƙaitawa da AA. An kafa ta a 1935 a garin Akron na jihar Ohio a Amurka. Bill Wilson, wani mai harkar hannun jari daga New York da ya yi 'yan watanni da daina sha, ya je garin kan wata harka da ba ta yi nasara ba, sai ƙishin giya ya taso masa. Maimakon ya shiga mashayar otal ɗin da ya sauka, sai ya nemi a haɗa shi da wani mashayi da zai yi magana da shi. Aka haɗa shi da wani likitan tiyata, Bob Smith, wanda giya ta kusa raba shi da aikinsa. Ranar 10 ga Yuni 1935, wadda aka ɗauka a matsayin ranar da likitan ya yi kurɓar ƙarshe, ita ƙungiyar ke lissafawa a matsayin ranar kafuwarta.

Abin da mutanen biyu suka gano shi ne har yau ginshiƙin tafiyar: mashayi ya fi saurarar wanda ya taɓa shiga irin ramin da yake ciki, kuma wanda ke ƙoƙarin fitar da wani yana ƙara wa kansa ƙarfin tsayawa. A 1939 suka wallafa littafin da ya bayyana matakai 12 na farfaɗowa, wanda aka fassara zuwa harsuna fiye da 70, har da Larabci da Swahili. A yau ana ƙiyasta membobin ƙungiyar da kusan miliyan 2 a ƙasashe kimanin 180.

Matakan sun fara da amsa cewa mutum ya kasa shawo kan giya da dabararsa, sai miƙa lamari ga Ubangiji gwargwadon fahimtar kowa, sai yi wa kai hisabi, da neman afuwar waɗanda aka cuta tare da biyan haƙƙinsu inda hakan ba zai jawo wata ɓarna ba, har zuwa taimakon wani mashayin. Sharaɗin shiga ɗaya ne tak, wato son daina sha. Ba a biyan kuɗin rajista. Akan zagaya da kwano kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa don shayi da hayar ɗaki, kuma ƙungiyar ba ta karɓar gudummawa daga waje.

Daga wannan tushe wasu rassa suka fito. Al-Anon, wadda Lois, matar Bill Wilson, take cikin waɗanda suka kafa ta a 1951, ta iyalan mashaya ce, mata da mazaje da iyaye da ke shan wahalar zama da mai sha. Narcotics Anonymous ta biyo baya a 1953 domin masu shan ƙwaya da sauran kayan maye. SMART Recovery kuwa, da aka kafa a 1994, ba reshen AA ba ce, ba ta kawo zancen addini, tana koyar da dabarun sarrafa tunani da sha'awa irin na masana halayyar ɗan Adam.

Abin da zaman ke yi wa mutum

Daina sha na kwana uku ba shi ne mai wuya ba, kusan kowane mashayi ya taɓa yi. Wuyar tana ga wata na biyu da na shida, ranar da aka biya albashi, ko aka yi faɗa a gida, ko la'asar ta yi mutum ya rasa inda zai sa kansa domin majalisar da ya saba zama ta masu sha ce. A nan ne taro ke shigowa. Yana ba mutum wata majalisar a madadin waccan, da mutanen da za su lura idan bai zo ba.

Akwai kuma tsarin jagora. Sabon shiga kan zaɓi wani da ya daɗe da dainawa, yawanci namiji ga namiji, mace ga mace, wanda zai iya kira a waya ko da tsakar dare idan sha'awa ta taso. Jagoran ba ya ba da magani, ba ya ba da bashi, aikinsa shi ne ya saurara, ya faɗi yadda shi ya tsallake irin wannan dare. Membobi ba sa ɗaukar alkawarin dainawa har abada, sukan ce na yau kawai za su riƙe, gobe kuma a sake ɗaura niyya. Tsarin ya yi kama da adashi ta wata fuska: kowa na zubawa, kuma ranar da ɗauka ta zo kan mutum, abin da sauran suka zuba shi ke tsayar da shi.

An daɗe ana muhawara kan ko wannan hanya tana aiki ko kuwa labarin waɗanda suka dace kawai ake ji. A 2020 cibiyar Cochrane, wadda ta shahara wajen tace binciken likitanci, ta haɗa nazari 27 da suka shafi mutum fiye da 10,000. Sakamakon ya nuna cewa a cikin waɗanda asibiti ya haɗa su da tarukan AA bisa tsari, kimanin 42 cikin ɗari sun cika shekara ba su sha ba, yayin da aka samu kimanin 35 cikin ɗari a sauran hanyoyin ba da shawara. Bambancin ba ƙarami ba ne ga abin da kusan kyauta ake samunsa. Amma alƙaluman sun kuma nuna cewa fiye da rabi sukan sake kurɓa kafin shekara ta zagayo, shi ya sa a tarukan ba a korar wanda ya koma ruwa, kujerarsa tana nan.

Asibiti kafin taro

Akwai gargaɗin da ya kamata ya riga komai. Mutumin da ya daɗe yana sha kullum, wanda hannunsa ke karkarwa da safe sai ya kurɓa ya daidaita, bai kamata ya yanke sha dare ɗaya shi kaɗai a ɗaki ba. Cikin awa shida zuwa kwana guda jiki kan fara rawa, da zufa, da amai, da rashin barci. Wasu sukan faɗi da jijjiga irin ta farfaɗiya. Zuwa kwana na biyu ko na uku ana iya shiga ruɗewa mai tsanani, da gane-gane, da sambatu, da zazzaɓi, kuma wannan yanayi yana kisa idan ba a kula ba. A gida akan ɗauka aljanu ne suka taɓa shi, a tafi neman ruƙiyya alhali allura da ƙarin ruwa yake buƙata cikin gaggawa.

A asibiti ana sauko da mutum a hankali da magungunan kwantar da jijiyoyi da sinadarin bitamin B1 da ke kare ƙwaƙwalwa. Bayan nan akwai magunguna irin su naltrexone da acamprosate masu rage ƙishin giya, waɗanda likita ne kaɗai ke rubutawa. Taron 'yan'uwa ba ya maye gurbin wannan, kuma duk wanda ya ce wa sabon shiga ya jefar da maganin likita ya saɓa wa koyarwar ƙungiyar kanta.

Bambancin taro da gidan mari ma a fili yake. A 2019 'yan sanda sun buɗe wasu gidaje a Rigasa ta Kaduna da Daura da wasu garuruwa, suka fito da ɗaruruwan mutane, da yawa da sasari a ƙafa, waɗanda iyayensu suka kai da niyyar gyaran hali. Iyayen ba mugunta ta kai su ba, rashin sanin wata ƙofa ce. Taron farfaɗowa da ƙafar mutum yake zuwa, da ƙafarsa yake tafiya, kuma babu mai taɓa lafiyar jikinsa.

Inda ake fara nema

A Najeriya tarukan AA na ido da ido sun fi yawa a manyan birane kamar Legas da Abuja, kuma da Turanci ake yawancinsu. Ba su da allo a bakin titi, saboda haka neman su yana buƙatar tambaya a wurin da ya dace.

Ƙofa mafi kusa ga mutumin arewa ita ce sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, ga na Dawanau a Kano, ga kuma sassan da ke asibitocin koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Jos. A Nijar akwai irin wannan sashe a babban asibitin ƙasa na Yamai. Mutane na ƙyamar waɗannan wurare don kada a ce sun haukace, alhali nan ne ƙwararrun shaye-shaye suke. Ma'aikatan jin daɗin jama'a da nas-nas na sashen su ne suka fi sanin ko akwai zaman rukuni na waɗanda aka sallama, da ranar da ake yi, da wanda za a kira. Tambayar da ta kamata a yi kafin a bar asibiti ita ce: bayan sallama, da su wa zan riƙa zama?

Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ma, ban da kame, tana da sashen ba da shawara da gyaran hali a ofisoshinta na jihohi, kuma tun 2022 ta buɗe layin waya na kyauta da ake kira dare da rana ba tare da an bayyana suna ba. A wajen Kirista, coci-coci da dama sukan ba da ɗaki ga irin waɗannan taruka, kuma ƙungiyar Blue Cross mai taimakon mashaya, wadda aka kafa a Geneva a 1877, tana aiki a ƙasashen Afirka da suka haɗa da Gana da Chadi.

Hanya ta uku ita ce waya. Tun lokacin annobar korona a 2020 dubban taruka suka koma Zoom, kuma da yawa ba su sauka ba. Shafin AA na duniya yana da jerin ofisoshin ƙasashe, akwai kuma kundin tarukan intanet da ake samun zama a kusan kowace awa, da Turanci ko Faransanci ko Larabci. Ga wanda ke zaune a garin da kowa ya san kowa, wannan rahama ce babba: yana iya rufe kyamara, ya sa abin sauraro a kunne, ya shiga da sunan da ya ga dama. Cikas ɗin shi ne kuɗin data, da rashin ƙarfin sabis, da harshe. Manomi ko ɗan acaɓa da ba ya jin Turanci bai amfana da komai ba a nan.

Taruka iri biyu ne. Akwai buɗaɗɗe, wanda ɗan'uwa ko mata ko ma'aikacin lafiya zai iya halarta ya ga yadda ake yi, akwai kuma rufaffe na masu matsalar kaɗai. Tsofaffin membobi kan shawarci sabon shiga ya gwada zama da dama a wurare daban-daban kafin ya yanke hukunci, domin kowane rukuni da halinsa. Alamomin wurin da ya kamata a guje masa a bayyane suke: inda ake neman kuɗi mai yawa, ko ake sayar da wani maganin gargajiya na dole, ko ake ɗaukar hoto, ko wani ke matsa wa sabuwar shiga da neman keɓewa da ita.

Ra'ayoyi mabambanta

Ba kowa ne ya gamsu da tsarin ba. A Turai da Amurka masu suka kan ce zancen Ubangiji ya yi yawa a ciki, wasu kuma ba sa son a ce mutum ya kira kansa mashayi har ƙarshen rayuwarsa. A wajen Musulmi damuwar ta wata fuska ce. AA ta samo asali ne daga wata ƙungiyar farfaɗo da addinin Kirista mai suna Oxford Group, kuma a wasu wurare akan rufe zama da addu'ar Kirista, ko da yake ƙungiyar ta ce ba ta bin wani addini. Wannan ne ya sa wasu Musulmin Amurka suka kafa Millati Islami a birnin Baltimore a 1989, suka sake tsara matakan bisa tauhidi da tuba da salla. A Iran kuwa, ƙasar da ke hukunta shan giya, tarukan Narcotics Anonymous sun yaɗu har ƙasar ta zama ɗaya daga cikin wuraren da ƙungiyar ta fi yawan zama a duniya.

Akwai masu ganin cewa faɗin laifi a gaban jama'a ya saɓa wa umarnin mutum ya rufa wa kansa asiri. Masu ba da amsa sukan bambanta mai alfahari da saɓo da mai bayyana ciwonsa don neman magani, kamar yadda majiyyaci ke buɗe wa likita abin da ba zai buɗe wa kowa ba. Sukan kuma tuna cewa haramcin giya a Musulunci mataki-mataki ya sauka, kuma a cikin ingantattun hadisai akwai labarin sahabin da aka sha kawowa saboda sha, wani ya la'ance shi, Annabi (SAW) ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. Al'ummar da ke da wannan a cikin littattafanta ba ta da hujjar barin mashayi ya mutu shi kaɗai saboda kunya.

Tsoron hukuma ma gaskiya ne. A jihar da shan giya ke jawo bulala, ba abu ne mai sauƙi ba mutum ya zauna cikin baƙi ya ce shi mashayi ne. Saboda haka zaman da aka yi a harabar asibiti, ƙarƙashin inuwar ma'aikatan lafiya, ya fi ba da kwanciyar hankali. Lamarin mata ya fi tsanani, domin macen da aka sani da sha tana iya rasa aure da 'ya'ya a rana ɗaya, kuma da wuya ta shiga ɗakin da maza suka cika. Rukunin mata zalla, ko na waya, shi ne abin da zai karɓe su.

Idan babu taro a gari

A ƙa'idar AA, mashaya biyu ko uku da suka haɗu da niyyar daina sha sun isa su kira kansu rukuni, ba sai an ba su lasisi ba. Abin da ake buƙata shi ne wuri mai sirri, da rana da lokaci da ba sa canzawa, da yarjejeniyar cewa ba a fitar da zance, ba a rubuta suna, ba a ɗaukar murya. Ofisoshin ƙungiyar sukan aika wa sababbin rukunoni littattafai da bayanin yadda ake tafiyar da zama, kuma tana da tsarin wasiƙa na musamman ga membobin da ke zaune a inda babu kowa kusa.

Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum fiye da miliyan 200, ba za su iya bin kowane majiyyaci gida ba bayan sallama. Waɗanda suka farfaɗo su ne ma'aikatan da ba a yi amfani da su ba tukuna. Ya kamata asibitocin ƙwaƙwalwa na arewa su ware ɗaki ɗaya da awa ɗaya a mako domin irin wannan zama da Hausa, su sanar da duk wanda suka sallama, kuma malamai da limaman coci su san ranar da lokacin domin su tura wanda ya zo musu da kukansa.